Zari-Rugar Mata: Wa Zai Ɗauki Amanar Jikin 'Yar Wasa?



Ya 'yan uwana matasa, abin da ya sa na ɗauki alƙalami a yau wata tambaya ce da wata ɗaliba ta yi mini a Islamiyyar da nake koyarwa a nan Gwale. Mun tashi daga darasin yamma, ana ta naɗe tabarmi, sai ta tsaya a bakin ƙofa ta ce, "Malam, don Allah mace za ta iya riƙe zari-ruga a matsayin sana'a?" Na tambaye ta inda ta samo wannan zance, ta ce a wayar yayanta ta ga 'yan matan Nijeriya suna bugawa a ƙasar Kanada. Na ce ta ba ni mako guda.

Abin da ta gani gaskiya ne. Nijeriya tana da tawagar mata ta wannan wasa, ana kiranta Green Falcons. A 2024 sun tsallake Kenya, sannan a watan Oktoba na 2025 suka tafi garin Brampton na Kanada neman gurbin gasar cin kofin duniya ta 2026. Sun ci Ireland 10 da nema, Fiji kuma ta lallasa su 62 da 4 a wasan ƙarshe. A nan Kano ma zari-ruga ba baƙo ba ne, domin ƙungiyar Barewa ta daɗe tana koya wa yara ɗaya nau'in wasan, mai mutum goma sha biyar. Saboda haka duk wanda ya ce wannan magana ta Turai ce, ba ta shafe mu ba, bai leƙa wayar ƙannensa ba.

Na san inda muhawara take zuwa da zarar an ambaci mace da filin wasa a majalisunmu: gajeren wando. Daga nan ake farawa, a nan kuma ake tashi. Ba na raina maganar sutura, zan zo kanta. Amma a ganina akwai tambayar da muke tsallakewa, kuma ita ma ta addini ce: wanda ya ɗauki 'yar mutane ya sa ta a fili tana karo da ƙartin mata, me ya ɗaukar mata a wuyansa?

Bari mu fara da wasan kansa. Nau'in da ake magana a kai shi ne wanda ake kira lig, mai 'yan wasa goma sha uku a kowane ɓangare. Ana rungumar ƙwallo a ruga da shi, abokan karawa kuma aikinsu su cafke mai gudu su kayar da shi ƙasa. Idan aka kayar da 'yan ɓangare ɗaya sau shida ba su kai ƙwallon bayan layi ba, sai ya koma hannun ɗaya ɓangaren. Wato karo da kayarwa ba haɗari ba ne da ke aukuwa jefi-jefi kamar a ƙwallon ƙafa, su ne ainihin wasan. Wanda ya taɓa kallon kokawa zai gane abin da nake nufi, sai dai a nan ana yin ta ne da gudu, har sama da awa guda.

Abin da ya fi jan hankalina shi ne asalinsa. A ranar 29 ga Agusta 1895, wakilan wasu ƙungiyoyin arewacin Ingila suka taru a wani otal a garin Huddersfield suka ɓalle daga hukumar zari-ruga ta ƙasar. Dalili? 'Yan wasansu talakawa ne, leburorin ma'adinan kwal da masaƙu, waɗanda idan suka bar aiki ranar Asabar don su buga wasa, ladan wannan yini ya tafi. Ƙungiyoyin suka nemi a bar su su biya su abin da suka rasa, manyan hukumar kuwa, waɗanda ba su san zafin rasa kuɗin cefane ba, suka ce biyan ɗan wasa yana ɓata wasa. Ka ga ke nan rigimar haƙƙin ɗan ƙwadago ce ta haifi wannan wasa. Abin mamaki, sai da aka shafe fiye da shekara ɗari da ashirin kafin matan da ke buga shi su fara ganin wani abin kirki a tafin hannunsu.

Ɗauki ƙungiyar mata ta Brisbane Broncos a Ostireliya, wadda ita ce ta fi kowa suna. Tana cikin ƙungiyoyi huɗu da suka buɗe gasar ƙwararrun mata ta ƙasar a 2018, ta kuma ɗauki kofi a 2018 da 2019 da 2020. Ali Brigginshaw, wadda ta jagorance su a waɗannan shekaru, tana 'yar shekara goma sha biyu dole ta ajiye wasan, saboda a lokacin babu inda yarinya mai waɗannan shekaru za ta ci gaba. A kakar farko, wasa uku kowace ƙungiya ta buga kafin na ƙarshe, 'yan wasan kuma kowace da aikin da take ci da shi, daga can take wucewa atisaye. Sai a 2023, bayan doguwar ja-in-ja tsakanin ƙungiyar 'yan wasa da hukumar gasar, aka cim ma yarjejeniya: mafi ƙarancin albashi dalar Ostireliya 30,000 a shekara, wanda zai riƙa hawa har ya kai 50,600 a 2027, da kwantiragi na wata goma sha biyu, da inshorar lafiya, da tanadi ga wadda ta samu juna biyu don kada ciki ya zama takardar sallama. A wannan shekarar, mafi ƙarancin albashin namiji a gasar maza dala 120,000 ne. Idan ka juya 30,000 zuwa naira sai idonka ya raina fata, amma a can bai kai abin da cikakken ma'aikaci yake samu ba, shi ya sa da yawansu ba su saki ayyukansu ba. A Ingila kuwa, inda aka haifi wasan, sai a 2023 Leeds Rhinos ta fara ba matanta ɗan ihsani idan sun ci wasa.

Mai karatu, wannan fa a ƙasashen da ke da ƙungiyoyin ƙwadago masu haƙori da kotunan da ake jin tsoro ke nan. Mu dawo gida. A 2016 Super Falcons, matan ƙwallon ƙafarmu, sun ɗauko kofin Afirka daga Kamaru, suka ƙi fita daga otal ɗinsu a Abuja har kusan mako biyu saboda ba a biya su haƙƙinsu ba, sai da suka yi tattaki zuwa Majalisar Tarayya da kwalaye a hannu. A 2019 suka sake irin wannan zaman dirshan a Faransa. Waɗannan su ne tawagar da ta fi kowace tawagar mata cin kofi a nahiyar nan, a wasan da kowa yake kallo. To ina ga yarinyar da za ta fito daga Ɗorayi ko Sani Mainagge ta shiga wasan da ko sunansa yawancin mutane ba su sani ba?

Duk ɗalibin da ya karanta babin ijara, ko da a Risala ne, ya san cewa ɗaukar mutum aiki ba ya inganta sai an ambaci lada an kuma yanke wa'adi. Sanannen abu ne kuma yadda addini ya tsananta a kan wanda ya ci gumin ɗan ƙwadago ya hana shi ladansa. Saboda haka ƙungiyar da za ta tara 'yan mata da alkawarin baka, "ku dage, wata rana Turawa za su gan ku," ba tare da rubutacciyar yarjejeniya ba, ta faɗi tun a ma'aunin farko, ko da kuwa duk 'yan wasanta cikin hijabi har ƙasa suke.

Sai maganar jiki, wadda ta fi ta kuɗi nauyi. Likitoci sun daɗe da tabbatar da cewa tsinkewar babbar jijiyar gwiwa ta fi yawa ga mata 'yan wasa fiye da maza, kuma gyaranta sai da tiyata da jinyar watanni masu yawa. Akwai kuma buguwar ƙwaƙwalwa, wadda ba ta jini balle a gani. Saboda tsoronta ne hukumar gasar Ostireliya ta wajabta tun 2023 cewa duk wanda aka tabbatar ya same ta sai ya huta kwana 11, a Birtaniya kuma tsofaffin 'yan wasa masu yawa sun kai hukumomin wasan kotu a kan lalurar ƙwaƙwalwa da suka ce wasan ne ya jawo musu. Yanzu ka auna da halinmu. Yarinya ta faɗi a fili kanta ya bugu, wa zai duba ta? Mun san abin da za a yi: a yayyafa mata ruwan leda, a ce ta daure. Gwiwa ta tsinke, a kai ta wurin mai ɗori, mai ɗori kuwa ƙashi ya sani. Daga nan ƙungiya ta ɗauki wata, ita kuma ta koma ɗakin mahaifiyarta tana ɗingishi tana da shekara goma sha tara. Ranar da ake neman kuɗin asibiti, ba za ka ga masu tafi ba, haka ma masu yi mata tofin Allah-tsine. Tsohonta kaɗai za ka gani yana zagayen 'yan uwa.

Game da sutura, maganata gajera ce. Ba ta faɗuwa saboda an busa usur. Kuma ba gaskiya ba ne cewa sai an tuɓe ake iya wasan: Zainab Alema, 'yar asalin Gana wadda ta yi aikin jinya a Ingila, uwar 'ya'ya uku, da ɗankwalinta da dogayen kaya take buga nau'in mai mutum goma sha biyar, har Leicester Tigers ta ɗauke ta a 2024. Amma lulluɓe kai bai warware batun kyamara da cakuɗuwa da tafiye-tafiye ba, kuma ba ko'ina ake maraba da shi ba, tunda Faransa ta hana 'yan wasanta sanya hijabi a gasar Olamfik ta 2024 da aka yi a Paris. Ni dai a yadda ake gudanar da wasan ƙwararru a yanzu, ba zan ba wa 'yata shawarar ta shiga ba, kuma ba na jin nauyin faɗin haka.

Sai dai fa a nan ne zargi yake dawowa kanmu, mu malamai da iyaye. Cewa "a'a" ba ta da tsada. A 2000 Jihar Zamfara ta hana mata buga ƙwallon ƙafa. Hanin ya zo da sauri, amma me aka ajiye musu a madadinsa? A nan unguwanninmu, yaro yana da filin Mahaha a Ƙofar Na'isa, yana da kowane lungu da kowane kango, da asuba kuma ga maza can suna hawa Goron Dutse. Yarinya fa? A da akwai dandali, ana gaɗa ana tsalle har gumi ya karyo, akwai daka da surfe da ɗiban ruwa. Dandali ya mutu, inji ya karɓi turmi, filayen makarantu da yawa an yanka an yi shaguna. Daga aji sai ɗaki sai waya. A ajin matan aure da nake koyarwa, da wuya mako ya wuce ba a aiko cewa wance ba za ta zo ba saboda hawan jini ko ciwon suga ko ciwon gwiwa, wasunsu kuwa ba su kai arba'in ba. Alhali Abu Dawud ya ruwaito cewa Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, ya yi tseren gudu da Nana A'isha, Allah Ya ƙara mata yarda, har sau biyu, ta tsere masa a na farko, ya tsere mata a na biyu. Muna karantar da wannan hadisi a babin kyautata wa iyali, mu rufe littafi, ba mu taɓa tambayar kanmu a ina 'ya'yanmu mata za su yi gudun ba.

Abin ba ya buƙatar gwamnati. Islamiyyu nawa ne a Gwale suke da tsakar gida mai katanga wadda take zaman banza daga safiyar Alhamis zuwa Juma'a? A ware awa biyu, mata zalla, malama ce a ƙofa, babu waya babu ɗaukar hoto. Ita kanta zari-rugar tana da nau'in da ba a kayarwa, taɓa mai gudu kawai ake yi ko a fizge ƙyallen da ya rataya a ƙugu, kuma da shi ake fara koya wa yara a ƙasashe da dama. Ƙwallo ɗaya da 'yan tsummoki sun isa.

Da mako ya zagayo, ɗalibar ta sake tsayawa a bakin ƙofa. Na ce mata gudu da motsa jiki halal ɗinta ne, kada wani ya sa ta ji kunyar sha'awarsu. Sana'a kuwa, na ce duk ranar da wani ya zo mata da wannan tayi, ta tura shi wurin mahaifinta da amsar abu huɗu a rubuce: nawa zai biya kuma yaushe, wane likita ne zai tsaya a bakin fili, wa zai ɗauki kuɗin tiyata idan ta karye, sannan a wace shiga kuma a gaban wa za ta buga. Ta yi shiru, sannan ta ce, "To Malam, ranar Alhamis ɗin fa, wa zai yi wa shugaban makaranta magana?" Na rubuta masa takarda, ya ce zai gabatar da ita a zaman kwamitin iyaye na wata mai zuwa.