Fim Ɗin '76: A Tambayi Matan Bariki

Cikin watan Nuwamba na 2016 aka fara nuna fim ɗin nan mai suna '76 a gidajen sinima na ƙasar nan, bayan an kai shi bikin fina-finai na Toronto a Kanada da na Landan. Izu Ojukwu ne ya shirya shi. A barikin soja na Mokola da ke Badun aka ɗauke shi, watau dab da Sabo, inda 'yan Arewa ke zaune shekara da shekaru.

Labarin wani hafsa ne, Kyaftin Dewa, mutumin tsakiyar ƙasar nan, wanda ya yi yaƙin basasa, ya kuma auri Suzy, 'yar ƙabilar Ibo, alhali danginta ba su huce da yaƙin ba. Tana da tsohon ciki aka yi yunƙurin juyin mulkin ran 13 ga Fabrairu 1976, wanda aka kashe Janar Murtala Muhammed a cikinsa. Dewa ya ƙi sa hannu a makircin, amma duk da haka aka kama shi, aka bar matarsa tana yawon neman wanda zai saurare ta.

Masu sharhi a jaridun Ikko sun yaba ƙwarai. Sun yi ta maganar tsofaffin motoci, da wanduna masu faɗin ƙafa, da tulin suma irin ta zamanin. Cikin 2017 fim ɗin ya ci lambobi a gasar AMVCA, har da ta fim mafi kyau, Rita Dominic kuma ta ci ta gwanar 'yan wasa mata. Waɗansu sun yi ƙorafin cewa labarin yana tafiyar hawainiya. Duk wannan ba laifi ba ne, amma an bar jaki ana dukan taiki. Abin tambaya shi ne, shin fim ɗin ya faɗi gaskiyar halin matar soja? Wannan kuwa ba mai amsa shi sai ita, domin mai ɗaki shi ya san inda yake yoyo.

Wanda ke neman irin waɗannan alƙalai, ya nufi Kaciya. Can Makarantar Sojan Igwa take, ƙasar kudancin Kaduna kuwa, daga Kaciya har Kafancan, ta daɗe tana ba Nijeriya soja. Ita ta ba da Janar Martin Luther Agwai, da Laftana Janar Luka Yusuf, da Janar Christopher Musa, ban da dubban kurata da kofur-kofur da sajoji waɗanda ba wanda ya san sunansu sai iyalinsu. Tsofaffin matan wannan yanki sun yi zaman jiran wasiƙa daga bakin daga tun 1967 har 1970. Sun kuma ji a rediyo lokacin da aka harbe fiye da mutum 30 cikin Maris da Mayu na 1976, da yawansu 'yan Binuwai da Filato ne, maƙwabtansu na kusa.

Da an tara su an nuna musu fim ɗin, da wuya su damu da faɗin ƙafar wando. Abin da za su duba shi ne yadda maƙwabta ke janye jiki daga gidan da aka kama mai shi, da yadda mace ke tsayuwa a ƙofar ofis ba mai ce mata ga halin da mijinta ke ciki. A nan fim ɗin ya yi ƙoƙari. Inda ya tsaya shi ne, Suzy matar hafsa ce, mijinta kuma yana da rai. Matar kurtu fa, wadda ke sayar da abinci a kasuwar mami, wadda ɗakinta na gwamnati ne, in miji ya faɗi akwai ranar da za a ce ta kwashe kaya? Tun 2009 yaƙin Boko Haram ya ƙara yawan irinta, harin Metele na Nuwamba 2018 kaɗai ya bar gidaje da yawa cikin makoki.

Saboda haka ya kamata a juya '76 zuwa Hausa, harshen da ya daɗe yana tafiyar da zaman bariki, a nuna shi a Kaciya da Kafancan, magajiyar bariki ta tara mata, 'yan jarida su zauna su rubuta abin da suka ce. Masu shirya fim a Kano da Kaduna su ma su ɗauki labarin matar kurtu, tun tsofaffin da suka ga 1967 suna da rai.

'Yan Arewa mazauna Kurmi kuwa, ba sai an jira gwamnati ba. Barikin Ikeja da na Obalende da na Badun cike suke da matan 'yan'uwa waɗanda mazansu ke bakin daga. Ƙungiyoyin 'yan gari da ke taro a Agege da Idi-Araba su riƙa leƙa su, su taimaka wa wadda ta rasa miji wajen bin takardun haƙƙinta. Ran 15 ga Janairu ana ajiye furanni don tunawa da mazan jiya, to, a tuna da matan da suka bari. Allah ya ji ƙan waɗanda suka riga mu, ya dafa wa iyalansu.