WAI "LABARI NE KAWAI"?

Akwai wani ra'ayi da ya kama zukatan wasu matasa masu karatun littattafan almara na Turawa, wato waɗannan da ake cika su da bokaye, da dodanni, da takubban tsafi, da dabbobi masu magana. Da zarar an ce wa ɗayansu ya lura da abin da yake zuba wa ƙwaƙwalwarsa, sai ya yi murmushi ya ce ai labari ne kawai, ƙirƙira ce, babu ruwanta da aƙida. Wai shi ya waye. To amma marubutan da kansu ba su yarda da wannan magana tasa ba!

A ɗauki C.S. Lewis, malamin jami'ar Oxford a Ingila, wanda ya rubuta littattafai bakwai na Narnia da aka buga daga 1950 zuwa 1956. Mutumin nan sananne ne wajen kare addinin Kirista da alƙalami, kuma bai taɓa ɓoye hakan ba. A littafin farko, zakin nan Aslan ya miƙa kansa an kashe shi a kan teburin dutse domin fansar wani yaro maci amana, sannan ya tashi daga mutuwa. Shin akwai mai bukatar a fassara masa wannan? Aƙidar gicciye da fansa ce aka sanya mata gashin zaki, aka miƙa wa yara. Lewis bai yi laifi ba don ya yi wa addininsa hidima, aikinsa ya yi. Abin kaico shi ne matashin da ya haddace sunayen jaruman littafin amma bai gane wa'azi ake yi masa ba.

Sannan a duba yadda ya zana mutanen Calormen a The Horse and His Boy na 1954 da The Last Battle na 1956. Mutane ne masu duhun fata, mazauna bayan hamada, masu rawani da lanƙwasassun takubba, masu cinikin bayi, masu bautar wani gunki mai suna Tash, mai kan tsuntsu da hannaye huɗu. Gaskiya ne ya fitar da mutum ɗaya ko biyu na kirki daga cikinsu, to amma sauran fa? Ɗan'uwan da ya tashi a gidan da ake naɗa rawani, ya zauna yana karatu yana fatan a karya rundunar masu rawani, ya kamata ya tsaya ya tambayi kansa a wane sahu aka ajiye shi a cikin labarin.

J.R.R. Tolkien, mai The Lord of the Rings, ya faɗa a wata wasiƙa tasa ta 1953 cewa littafin nasa a asalinsa na addini ne, na Katolika. Philip Pullman kuwa ta ɗaya gefen ya ɓullo: shi bai yarda da samuwar Ubangiji ba, kuma a littattafansa uku na His Dark Materials, daga 1995 zuwa 2000, ya ƙirƙiro wani da ake bauta wa a matsayin mahalicci, ya mai da shi tsoho gajiyayye har ya watse ya ɓace. Kowannensu ya san abin da yake shukawa. Mai cewa "labari ne kawai" shi kaɗai ne ke barci a wannan kasuwa.

Ba kuwa ana nufin a ɗauko ashana ba ne. An gwada ƙona littattafan Hausa a Kano a 2007, kuma wuta ba ta koya wa kowa tantance abin da zai karanta ba. Masu yanke wa littafi hukunci ba tare da sun buɗe shi ba, su da masu haɗiye shi ba tauna, duk jirgi ɗaya ya kwaso su, domin babu wanda ya yi karatu a cikinsu.

Kada kuma wani ya ɗauka cewa na gida sun tsira. Gandoki na Malam Bello Kagara, wanda aka buga a 1934, ya fito ne daga gasar da Rupert East ya shirya a 1933 a Hukumar Fassara ta Zariya, ofishin gwamnatin mulkin mallaka. Jarumin ya fara da gwabza yaƙi da Turawa, abin da ke sa jinin duk wani matashi ya motsa. Daga nan sai labari ya ɗauke shi, shi da ɗansa Garba Gagare, ya kai su ƙasashen aljannu, inda takobinsa ba zai dami Gwamna ba. Da ya komo gida sai ya tarar Turawa sun kafa mulki, ya shiga yaba zaman lafiya da abubuwan da suka kawo. Mutumin da ya fita da takobi tsirara, shi ne ya dawo yana jinjina wa waɗanda ya yaƙa, kuma wannan littafi aka yi shekara da shekaru ana karantar da yara a makarantun Arewa.