Kaset ɗin Barmani Coge da Matsayinsa a Adabin Baka

Sanin kowa ne cewa idan aka ɗauko zancen waƙar baka a ajin nazarin Hausa, sunayen da kan riga zuwa baki su ne Narambaɗa da Ɗanƙwairo da Shata da Ɗan Anace. Waɗannan kuwa sun cancanta, babu mai ja. Sai dai akwai wani kaya da ya daɗe yana yawo a gidajen Hausawa, wanda ɗalibai kan ji kunyar ɗora shi bisa teburin nazari, wato kaset ɗin Hajiya Sa'adatu Barmani Coge, mutuniyar Funtuwa, wadda ta rasu a shekarar 2013. Wannan kaset ya isa a jera shi da manyan ayyukan makaɗan fada, kuma jinkirin yin hakan hasara ce ga fannin kansa.

Da farko ya kamata a fayyace abin da ake nufi da kaset ɗin. A shekarun 1980 mai saye ba ya neman wani lakabi na musamman. Yakan tsaya gaban mai shago a kasuwar Makarfi ko ta Ikara ya ce a ba shi Barmani, shi kuwa mai shago ya ɗaukar masa abin da ke hannunsa. Saboda haka jerin waƙoƙin kan bambanta daga wannan kaset zuwa wancan. Amma akwai waɗanda da wuya a rasa su: waƙar da ke kiran mata su kama sana'a, da "Sakarai Ba Ta Da Wayo", da waƙar gwarne, da ta kishiya, da kuma waccan da ta yi a kan ƙirar jikin mace, wadda ta fi kowace jawo mata magana.

Kiɗan da ke ɗauke da su shi ne amada. Kayansa ƙore ne kawai, manya da ƙanana, a kife, mata na dukansu, wata kuma a kifa ta bisa ruwa don ta ba da amo mai zurfi. Babu kalangu, babu kotso, babu wani abin da sai namiji zai ɗaure ko ya rataya. Abin lura a nan shi ne, kayan kiɗan nan su ne kayan aikin ɗakin mace. Ƙwaryar da aka dama fura cikinta da hantsi ita ce za a kife da dare a yi biki. Manazarta sun nuna cewa amada ta faro ne daga waƙoƙin bege da mata ke rerawa cikin gida, kuma ana jin ɓurɓushin wannan asali a waƙoƙin Uwaliya Mai Amada ta Kano. Barmani ta ɗauki wannan zubi ta cika shi da al'amuran yau da gobe na matar aure.

A waƙar sana'a ne ya kamata a fi daɗewa. Matar da ke kulle a gari irin Malikanci ba ta zuwa kasuwa, amma kasuwa na zuwa ɗakinta. Ita ke soya ƙuli-ƙuli ta matse man gyaɗa, ita ke yin daddawa da ƙosai da fura, ta ɗora wa 'yar talla, da yamma a kawo mata ciniki ta zuba adashi. Da wannan kuɗi take tara wa 'yarta kayan ɗaki, da shi take mayar da biki ga ƙawa, da shi kuma take rufa wa maigida asiri ranar da rumbu ya yi ƙasa kafin kaka. Baturiyar nan Polly Hill, wadda ta yi bincike a Batagarawa kusa da Katsina, ta kira wannan harka ɓoyayyen ciniki a wata maƙala ta 1969, kuma tun kafin nan labarin Baba ta Karo, wanda Mary Smith ta wallafa a 1954, ya nuna yadda matan ƙasar Zazzau ke riƙe da nasu jari daban da na mazajensu. To, abin da waɗannan suka bayyana wa masu karatun Turanci, shi Barmani ta faɗa wa masu abin da harshensu, ta kuma haɗa da zambo ga wadda ta zauna hannu rabbana tana jiran miji. Bayan da aka shigo da tsarin tsuke bakin aljihu a 1986, darajar Naira ta faɗi, albashi ya kasa kai wata, gidaje da yawa da ribar ƙosai suka ci tuwo. Gwamnati ta fito da shirin kyautata rayuwar matan karkara a 1987, da taruka da jawabai. Ana iya cewa kaset ɗin ya fi shirin shiga lungu, domin shi ba ya bukatar izinin maigida kafin ya wuce zaure.

Waƙar gwarne kuwa ta fi nuna ƙarfin halinta. A al'ada, macen da ta ɗauki ciki tun ba ta yaye na goye ba abar gori ce, tsofaffi su yi mata faɗa, sa'o'inta su yi mata dariya. Barmani, wadda ita kanta ta haifi 'ya'ya da yawa, ta juya gorin ya koma abin tinƙaho, ta mayar da al'amarin ga ikon Ubangiji. Ma'aikacin lafiya na yau yana da hujjar ƙin wannan saƙo, tun da an san wahalar da haihuwa kusa da kusa ke jawo wa uwa da ɗa. Amma manazarcin adabi zai ga wani abu daban: mawaƙiya ta tarar da mace a tsakiyar kunya ta ba ta bakin magana.

Sukar da aka fi yi mata ita ce batsa. Gaskiya ne akwai kalmomin da ba za a maimaita su gaban surukai ba. Sai dai a tuna inda aka shirya waƙoƙin dominsa: tsakar gida, ranar biki ko suna, mata zalla, inda kunyar da ke ɗaure harshe gaban maza ba ta aiki. Kaset da rediyo ne suka fitar da zancen cikin gida zuwa tasha da shagon mai shayi, sannan maza suka ji suka ce an yi rashin ta ido. Kuma Shata da Ɗan Anace ba su rasa nasu kalmomin masu nauyi ba, ba a kuwa hana ɗalibi rubuta kundi a kansu saboda haka. Irin wannan ta faru a Amurka ga Loretta Lynn, mawaƙiyar karkara 'yar mai haƙar kwal, wadda wasu gidajen rediyo suka ƙi sa waƙarta ta 1975 a kan ƙwayar hana ɗaukar ciki, alhali matan ƙauye suna ta saye.

Kaset ɗin bai kuɓuta daga aibi ba. Akwai wuraren da roƙo da jera sunayen hajiyoyi masu kari kan yi tsawo har jigo ya ɓace. Waƙar kishiya kuma, duk da daɗin habaicinta, ba ta taɓa kallon al'amari da idon amaryar da ake yi wa ba, alhali ita ma mace ce, sau da yawa ma yarinya ce da ba a shawarce ta ba.

Ta fuskar salo, ƙarfinta yana ga gajartar ɗiyan waƙa da saurin karɓar 'yan amshi. Takan jefa magana, amshi ya cafe tun ba ta sauka ba, ƙwarya kuma ba ta lafawa. Wanda ya rubuta waƙar a takarda zai ga kamar ba ta da zurfi idan aka gwada ta da Bakandamiya, domin rabin ma'anar yana cikin murya, da guɗa, da dariyar da takan saka a tsakiyar zambo. Wannan ya sa Beverly Mack ta haɗa littafinta na 2004 a kan waƙoƙin matan Hausawa da faifan sauraro.

A nan ne matsalar take. Kaset ya tafi, abin da ya rage shi ne guntayen da ake turawa daga waya zuwa waya, an yanke farko, an yanke ƙarshe, wani lokaci ma an liƙa wa waƙa sunan wata. A gidajen biki na Ikara da Kudan fiyano da lasifika sun ture ƙwarya gefe. Ɗalibin da zai yi kundin digiri a wannan fanni zai fi amfanar sashe idan ya bi tsofaffin masu shagon kaset a Funtuwa da Zariya, ya nemi cikakkun ɗauka, ya zauna da matan da suka yi rawar amada da ƙafarsu su warware masa habaicin da kunnen namiji ba ya kamawa, sannan ya ajiye kwafi a ɗakin karatun sashe tare da bayanin inda ya samo kowane ɗaya.