Wa Ya Ce a Yi wa Dandali Jana'iza?

Kwanakin baya a wurin aiki na kawo shawarar mu ware rabin sa'a duk mako domin ƙungiyoyin wasan kwaikwayo na dandali. Ban rufe baki ba wani abokin aikina ya kwashe da dariya, ya ce: "Haba ɗan'uwa, teyatur kuma? Ai wannan tun zamanin Samariya aka yi masa sutura. Yau kowa da silimarsa a aljihu." Sauran suka taya shi dariya, aka wuce zuwa maganar tallace-tallace. Ranar ban ba shi amsa ba, don raina a ɓace yake. Yau zan ba shi, shi da duk masu ra'ayi irin nasa, don na lura suna da yawa, kuma wasunsu su ne ke riƙe da makullan gidajen al'adunmu.

Bari in fara da aikina, kada a ce ina zagin sana'ar wasu ina kare tawa. Shekaru kusan goma ke nan ina magana a rediyo. Ina shiga ɗaki mai rufaffiyar ƙofa, jar fitila ta kama, in yi ta zuba. Ban san ko mai sauraro yana gyaɗa kai ba, ko yana tsaki, ko ya bar akwatin a kunne ya tafi kasuwa. Ko a shirin da ake bugo waya, mu ne ke zaɓen wanda zai shigo, mu ne ke katse shi in ya fara kauce wa abin da muke so. Fim ma haka yake, har ya fi. An gama shi tun bara, an yanke, an liƙa. In ka ga dama ka yi kuka, in ka ga dama ka zagi jarumin, ba abin da zai sauya. Shi kuwa ɗan wasan dandali, yana tsaye gabanka da jini da tsoka, yana jin numfashinka. In ya yi ƙarya, nan take zai gani a fuskokin mutane. In ya taɓo gaskiya, zai ji wurin ya yi tsit. Wannan shi ne asalin dandali: wasa ne da mai kallo ke da hannu a cikinsa, kuma yana iya mayar da martani.

Na ga haka da idona a wani ƙauye na jihar Damagaram, inda na bi wata ƙaramar ƙungiya don in ɗauko rahoto. Ba fitila sai ta mota da aka haska, ba labule sai zane biyu da aka ɗaure a jikin bishiya. Wasan a kan gado ne: mutum ya rasu, ƙanensa ya haɗa baki da wani mai faɗa-a-ji suka cinye gonar marayu. Ana cikin wasa, daidai inda baffan ke rantsuwa cewa gonar jingina ce aka ba shi, sai wata tsohuwa ta miƙe daga cikin mata ta ce da ƙarfi: "Ƙarya kake yi, ka ji tsoron Allah!" Aka fashe da dariya, amma dariyar ba ta daɗe ba. Sai na ga mutane suna satar kallon wani dattijo da ke zaune a sahun gaba, shi kuma ya sunkuyar da kai yana wasa da carbi. Ɗan wasan bai daburce ba. Ya juya ya fuskanci tsohuwar, yana nan a matsayin baffa, ya ce: "Iya, ke kina wurin aka yi?" Ta ce: "Duk garin nan muna wurin." Daga baya ne aka raɗa mini cewa akwai magana irin wannan a garin, ta shekara da shekaru, kowa ya sani, ba mai iya furtawa.

Ban ce washegari an mayar wa marayu gonarsu ba. Da safe muka tafi, kuma ni ba mai ƙara wa labari gishiri ba ne. Abin da na shaida shi ne, a daren nan gari guda ya ji abin da yake ɓoyewa an faɗe shi a fili, gaban mai gari da liman da wanda ake zargi, ba a kama sunan kowa ba, ba a zare wuƙa ba. Ina tambayar abokin aikina: wace silimar aljihu ce za ta yi wannan? Da a waya kowannensu ya kalli labarin nan, a ɗakinsa, shi kaɗai, da ya ce "Allah wadai" ya juya ya yi barci. Abin da ya ba wasan ƙarfi shi ne kowa ya ga cewa kowa ya gani.

Masu cewa teyatur kayan Nasara ne da ya zo da lakkwal, su ma su dakata. Sunan ne baƙo, abin namu ne. Tun kafin a gina aji ko ɗaya a ƙasar Hausa, yara na fita tashe da azumi ya kai kwana goma, suna kwaikwayon tsoho da malami da miji da mata, suna shiga gida-gida. Akwai wasan gauta, inda matan fada ke kwaikwayon sarki da fadawansa, sarkin na zaune yana kallon yadda ake ganinsa. Akwai ƴan kama, masu yin shigar malamai suna wa'azin tuwo da miya, jama'a na riƙe ciki. A Damagaram muna da wasan kara, inda talakawa ke shigar masu mulki, da rawani da kaki da bindigar kara, suna kwaikwayon tafiyarsu da maganarsu. Har Inusa Usaini ya yi fim a kansa a 1980. Ku duba da kyau, duk waɗannan wasanni abu ɗaya ya haɗa su: na ƙasa ya samu damar nuna wa na sama kamanninsa, a gaban jama'a, cikin raha, ba tare da an ce ya yi rashin kunya ba. Kakanninmu sun san al'ummar da ke girmama manya kamar tamu tana bukatar wata ƙofa da gaskiya za ta riƙa fita, in ba haka ba sai ta fasa bango.

Ni ban riski zamanin Samariya da wayo ba, amma na tashi ina jin labarinsa a bakin iyayenmu. A mulkin Seyni Kunce, daga 1974 zuwa 1987, unguwanni da garuruwa na da ƙungiyoyin matasa, ana gasar wasan kwaikwayo tun daga ƙasa har zuwa babban bikin matasa na ƙasa, wanda ake zagayawa da shi manyan biranen jihohi. A wannan yanayi ne irin su Yazi Dogo, malamin makaranta, da ƙungiyar gidan rediyon Damagaram suka yi suna. Yawancin wasanninsu ba rubutawa suke kalma-kalma ba: su tsara labarin tare, kowa ya san inda za a dosa, maganar kuma ta fito a kan dandali gwargwadon yadda jama'a suka karɓa. Abin ya kai wata Ba'amurkiya, Janet Beik, ta zo ta yi nazarinsu, ta fitar da littafi a 1987. Wato baƙo ya ƙetaro teku ya ga darajar abin, mu masu shi muna cewa a kai shi kushewa.

Na san za a ce da ni, ai wancan gwamnatin soja ce ta ɗaure masa gindi don ya yaɗa manufofinta. Gaskiya ne, ban musa ba. Amma ku tambayi waɗanda suka kalla. An ba ƴan wasa jigo, su kuma sun cusa ma'aikacin da ke karɓar na goro, da ɗan kasuwa mai ɓoye hatsi, da alhajin da ke sayen ƴar mutane da kuɗi. Ko an tsara abin da ɗan wasa zai faɗa, ba mai iya tsara inda jama'a za su yi dariya, kuma dariyar nan ita ce hukuncin.

Wannan ya kawo ni kan waɗanda suka fi ba ni haushi, fiye ma da abokin aikina. Shi dai ya ce dandali ya mutu. Su kuwa sun ce suna rayar da shi, alhali sun mayar da shi lasifika. Ina nufin wasan porje. Kowa ya san shi: mota ta iso gari, a rarraba riguna masu tambari, a jera kujeru, a yi wasan minti ashirin wanda tun daga jumlar farko ka san ƙarshensa. Jahili ya ƙi abu, mai ilimi ya zo ya yi masa bayani, jahili ya tuba, a tafa, a ɗauki hoto, a rubuta yawan waɗanda aka "wayar wa kai". Ban raina saƙon ba. Rigakafi alheri ne, karatun ƴaƴa mata alheri ne, ni kaina ina faɗar haka a rediyo. Abin da na ƙi shi ne wasan da ya ɗauki ɗan ƙauye a matsayin tulun da za a cika. Mutanen nan ba wawaye ba ne. Sun gane wasan ba da su yake magana ba, da mai ba da kuɗi yake. Shi ya sa suke tafawa su karɓi riga su koma ga abin da suke yi.

Abin takaici, da yawa daga cikin masu porjen nan suna cewa tafarkin Augusto Boal suke bi, ɗan ƙasar Barazil da ya shahara a shekarun 1970. To shi Boal cewa ya yi a dakatar da wasa, mai kallo ya hau dandali ya karɓi matsayin wanda ake zalunta, ya gwada tasa mafitar. Amsar daga jama'a take fitowa. A nan kuwa an rubuto amsar daga ofis, an buga mata hatimi. Ban ga laifin ƴan wasan sosai ba, domin wanda ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski, kuma su ma suna da iyali. Laifin namu ne da muka bar su ba wani mai biyansu sai porje.

Saura masu cewa wasa shashanci ne, yana haɗa maza da mata da dare, yana ɓata tarbiyya. Waɗannan ina sauraronsu da ladabi, don wasu abubuwan da suke faɗa na gani. Akwai ƙungiyoyin da suka mayar da dandali wurin batsa da rawar banza. Sai dai gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. A yi wasa da la'asar, a ware wa mata wurinsu kamar yadda aka yi a ƙauyen da na ambata. Kuma malam, in tarbiyya ce damuwarka, wanne ya fi tsoratar da kai: wasan da ake yi a fili, gabanka, wanda in an kauce za ka iya miƙewa ka tsawata, ko abin da ɗanka ke kallo cikin bargo ƙarfe biyun dare? Da muka rufe dandali yara ba su daina kallo ba. Mu ne muka daina sanin abin da suke kallo.

Ba gaba nake da fim ba. Tun da aka yi Turmin Danya a Kano a 1990, finafinan Hausa sun kai harshenmu inda ƙafar ɗan dandali ba za ta taɓa kai shi ba, sun kuma ciyar da dubban gidaje. Amma manyan da suka kafa harkar, da waɗanda suka riga su a talabijin irin su Samanja da Kasimu Yero, a ƙungiyoyin wasan kwaikwayo suka goge. A gaban jama'a mutum ke koyon lokacin da zai yi magana da lokacin da zai yi shiru. Yau yaro ya sayi waya, gobe ya ce shi jarumi ne, bai taɓa tsayawa gaban mutum hamsin ya ga yadda ake rasa su ba. In rijiya ta ƙafe, randa ma kwananta ƙidayayye ne.

Kuma dandalin bai mutu ba. Marigayi Alfred Dogbe, wanda ya rasu a 2012, ya kafa ƙungiyarsa a Yamai, ya kuma assasa bikin wasan kwaikwayo na Emergences, a lokacin da ake ta cewa ba mai zuwa kallo. Har gobe akwai matasa a Maraɗi da Tawa da Damagaram da ke haɗuwa bayan la'asar suna gwaji a farfajiyar makaranta, ba ko sisi. Abin da suka rasa wuri ne da masu kallo. Muna da cibiyar al'adu ta Umaru Ganda a Yamai, muna da gidajen matasa da al'adu a manyan garuruwa. Sau nawa na je irin waɗannan gidaje na tarar an ba da hayar zauren don biki ko taron siyasa, ƴan wasa na rakuɓe a waje suna jiran a tashi?

Don haka ga abin da nake nema, kuma ba mai tsada ba ne. Magadan gari su ware dare ɗaya a mako a kowane gidan al'adu, a bar wa ƙungiyoyin wasa kyauta. Makarantu su dawo da wasan ƙarshen shekara, da Hausa da Zabarmanci da sauran harsunanmu, ba Faransanci kaɗai ba. Masu porje, in da gaske kuke, ku ba da kuɗi da jigo, ku bar wa ƴan wasa da jama'a ƙarshen labarin. Mu ƴan rediyo mu fitar da na'urorinmu daga ɗaki, mu ɗauki wasa a gaban mutane, da dariyarsu da tsakinsu da katsalandan ɗinsu. Kai kuma mai karatu, kuɗin da kake zubawa a waya a kwana biyu ya isa ya shigar da kai da ɗanka kallo. Ranar da ɗan wasa zai ci abinci daga aljihunka, ranar zai fara faɗar abin da ke damunka.

Shawarata ta rabin sa'a tana nan, zan sake kawo ta a taro mai zuwa. Abokin aikina kuma na yi masa alkawarin kujera kusa da tawa a wasan farko da za a yi a garin nan. Gani ya kori ji. In an tashi, ya faɗa mini gawar wa ya gani.