Leƙen Indiya: Mumbai Da Rana, Mumbai Da Dare

Duk ma'abocin kallon finafinan Indiya yana da Mumbai ɗinsa a cikin kai: gari ne da yarinya za ta fito bakin titi, sai kiɗa ya tashi, mutum ɗari su biyo bayanta da rawa. To, wanda ya sauka a birnin da wannan tunani zai sha mamaki. Abin da zai tarar shi ne cunkoson motoci, zafi, da jama'a kowa na sauri kamar an biyo shi. Akwai rawa kam, amma sai an san inda ake nemanta.

Garin da aka sani da Bombay har zuwa 1995 shi ne cibiyar finafinan Hindi. Yawancin baƙi suna farawa ne da Film City da ke unguwar Goregaon, wadda gwamnatin jihar Maharashtra ta kafa a 1977. Ana zagayawa da masu ziyara a mota, a nuna masu kotun ƙarya, asibitin ƙarya da wurin bauta na ƙarya. A nan ɗan kallo yake gane cewa waƙar minti biyar ana kwanaki ana ɗaukarta gunduwa-gunduwa, kuma jarumar motsa baki kawai take yi, mawaƙiyar daban ce.

Mai son rawa ta asali sai ya nufi zauren NCPA a Nariman Point, inda ake nuna Kathak da Bharatanatyam. Kathak ɗin nan ce Madhuri Dixit ta koya tun tana yarinya, ita ta taka a fim ɗin Devdas na 2002. Wanda kuma ya dace da lokacin bikin Navratri, wajen Satumba ko Oktoba, zai ga dubban matasa suna rawar sanduna dare tara a jere.

Sai batun dare. Gidajen rawa na masu hannu da shuni suna Bandra, Juhu da Lower Parel, inda aka mayar da tsofaffin masaƙu wuraren shaƙatawa. Kuɗin shiga ba na yaro ba ne, kuma ba kullum abin ke ƙarewa da daɗi ba: a Disambar 2017 gobara ta tashi a wasu gidajen shaƙatawa na Kamala Mills, mutum 14 suka mutu.

Akwai kuma ƙananan mashaya inda mata ke rawa da waƙoƙin fim, sanye da cikakkun kaya irin na jarumai, maza na zaune suna yi masu liƙi. Duk wanda ya kalli Chandni Bar na 2001, wanda Tabu ta fito a ciki, ya san irin rayuwar. A Agustan 2005 gwamnatin jihar ta haramta rawar da sunan kare tarbiyya, aka ƙiyasta mata kusan 75,000 sun rasa abin yi. Abin da ya ɗaure wa mutane kai, dokar ba ta taɓa manyan otal-otal ba. Wato rawar talaka ce haram, ta mai kuɗi kuwa a ci gaba da gashi! A kan wannan bambanci ne Kotun Ƙolin Indiya ta soke dokar a 2013. An ci gaba da ja-in-ja har 2019, lokacin da kotun ta ce a buɗe, amma a tashi ƙarfe 11:30 na dare, kuma ban da watsa kuɗi, sai dai a miƙa wa mai rawa a hannu. Ashe rigimar rawa da waƙa ba 'yan fim ɗin Kano kaɗai ta dama ba. Can ma inda aka kwaikwayo abin, har kotu aka je.

Da rana kuwa, wuraren kallon ban dariya sun fi yawa. Na farko ƙofar gidan mutane. Eh, ƙofar gida! Kusan kowace Lahadi da yamma jama'a kan yi dandazo a gaban Jalsa, gidan Amita Bacan a Juhu, don ya fito ya ɗaga masu hannu. Haka ma Mannat, gidan Sharukhan a Bandra, ana layi don ɗaukar hoto da allon sunan gidan, ko da mai gidan ba ya nan.

Na biyu sinimar Maratha Mandir, wadda ta fara nuna Dilwale Dulhania Le Jayenge a Oktoban 1995. In ban da hutun dole na annobar korona, kullum da hantsi sai an haska shi, har ya cika shekara 30 a 2025. 'Yan kallo kan riga jarumai faɗin maganarsu.

Na uku Dhobi Ghat, katafaren wurin wanki a fili da aka gina a 1890. Daga kan gadar tashar jirgin Mahalaxmi ake hango ɗaruruwan 'yan wanki suna bugun kaya a kwamin siminti. Masoya Munna Bhai MBBS za su gane wurin nan take. A tashar Churchgate kuma, kafin azahar, ana ganin masu dakon abinci da fararen huluna suna rarraba kwanuka zuwa ofisoshi, kamar yadda aka nuna a The Lunchbox na 2013. Mai neman tsaraba sai ya leƙa Chor Bazaar, wato kasuwar ɓarayi, inda ake sayar da tsofaffin fastocin fim. A taya da rabin kuɗi, don da sun ga baƙo farashi ke tashi.

Gargaɗi ɗaya: duk wanda ya tare baƙo a titi ya ce zai haɗa shi da jarumi in ya ba da wani abu, to ɗan damfara ne. Ganin Amita kyauta ne, ranar Lahadi, a ƙofar gidansa.