RANAKUN KIWON LAFIYA: SAƘON YANA SHIGA GIDA KUWA?

Gabatarwa

Masu iya magana sun ce rigakafi ya fi magani. Da wuya a sami mai musa wannan zance, to amma ta yaya mutum zai yi rigakafin abin da bai fahimta ba? A kowace shekara akwai ranaku da aka keɓe domin wayar da kan jama'a game da cututtuka: 24 ga Maris ranar tarin fuka, 25 ga Afrilu ta zazzaɓin cizon sauro, 17 ga Mayu ta hawan jini, 15 ga Oktoba ta wanke hannu, 1 ga Disamba kuma ta ƙanjamau. Ra'ayina a wannan ɗan rubutu shi ne, ranakun nan ba za su yi wa talaka amfani ba sai an isar da saƙonsu cikin harshen da yake ji, da kalmomin da ba za su ɓatar da shi ba. Wannan kuwa aiki ne da ya shafe mu kai tsaye, mu ɗaliban harshe. Zan kafa hujja da garinmu, Suleja.

Daga Abuja Zuwa Suleja

Ranar 25 ga Afrilu, 2000, shugabannin ƙasashen Afirka suka taru a Abuja suka yi alƙawarin rage mace-macen zazzaɓin cizon sauro da rabi kafin 2010. Daga wannan taro aka samo ranar yaƙi da cutar ta Afirka, wadda Hukumar Lafiya ta Duniya ta mayar ta duniya baki ɗaya a 2007. Mai karatu zai tuna cewa sunan Abuja ɗin ma na garinmu ne na asali, aka ba sabon babban birnin ƙasa, mu kuma muka koma Suleja don tunawa da Sarki Sulaimanu Barau. Tsakanin zauren da aka yi wancan alƙawari da Dutsen Zuma ba wata tafiya ba ce.

Duk da wannan kusanci, har gobe Nijeriya ce ke ɗauke da kimanin kashi ɗaya cikin huɗu na masu kamuwa da cutar a duniya. Wanda ya zaga Madalla ko Kwamba ko Maje da damina zai ga dalili: gidajen haya a cunkushe saboda ma'aikatan Abuja da ke kwana a nan, kwatoci sun toshe da ledar ruwa, tsofaffin tayoyi cike da ruwan sama. A irin wannan kwantaccen ruwa macen sauro ke saka ƙwai, cikin mako ɗaya zuwa biyu sun zama sauro masu cizo. Ambaliyar da ta auka wa garin a watan Yulin 2017 ta nuna mana abin da toshe hanyar ruwa ke jawowa.

To, yaya aka saba yin bikin irin waɗannan ranaku a ƙasar nan? A ɗinka riguna da huluna, a yi tattaki da kwalaye, a shiga zaure a karanta jawabi da Turanci, a ɗauki hoto, a watse. Matar da ke da jariri a ɗaki, wadda ita ce za ta ɗaura gidan sauro ko ta bar shi a leda, ba ta cikin zauren. Ɗan garuwan da ke tura kura yana sayar wa unguwa ruwan sha, shi ma ba ya nan. An yi aski ne babu mai kai.

Suna Linzami

Ko da an fassara jawabin, da sauran rina a kaba, domin sunan da aka ba cuta yana jan mai ita zuwa inda zai nemi magani. Mu ɗauki shan inna. Sunan kansa bayani ne: wata iska ce mai suna Inna ta shanye ƙafar yaro. Wanda ya tashi da wannan fahimta, in ka zo masa da ɗigon magani a baki, dole ya tambaye ka abin da ya haɗa ɗigo da iska. Mu kwatanta shi da zazzaɓin cizon sauro. Wanda ya ƙirƙiro wannan suna ya yi wa al'umma babban aiki, don duk wanda ya furta shi ya faɗi musabbabin cutar, ya kuma san abin da zai guje wa.

Haka zalika akwai sunayen da suka yi faɗi da yawa. Shawara ita ce duk ciwon da ya sa ido ya yi ɗorawa. Amma likita ya san cewa zazzaɓi mai tsanani yana kawo haka, ciwon hanta yana kawo haka, sikila ma tana kawowa, kuma kowanne da maganinsa. In aka ce a yi wa jariri allurar ciwon hanta cikin awa 24 da haihuwa, uwa ba lallai ta haɗa wannan da shawarar da ta kashe ƙaninta ba. Lokacin da wata mummunar cutar maƙogwaro ta ɓarke a Kano da wasu jihohi daga ƙarshen 2022, an kira ta mashaƙo, kalmar da mutane suka saba faɗa wa ciwon wuya da ake yi wa jiƙo a gida. Alhali wannan mashaƙon yana toshe numfashin yaro cikin 'yan kwanaki, kuma allurar rigakafin jarirai tana kare shi.

Amai da gudawa kuwa suna ne da ya faɗi alama ya bar musabbabi. Bai gaya wa kowa cewa ƙwayar cutar daga bayan gida take shiga ruwan sha da abinci ba. A 2021 mutane fiye da 100,000 aka yi zaton sun kamu da kwalara a Nijeriya, fiye da 3,000 suka rasu. Hawan jini shi ma da yawa sun ɗauka ciwon masu tunani ne ko na masu kuɗi, sai a ji mutum ya ce shi ba shi da damuwa, me zai sa ya auna? Ga shi kuwa ciwo ne da kan daɗe a jiki babu wata alama, sai ranar da ya shanye ɓarin jiki.

Hausar Wa?

Akwai wani abu kuma da Suleja ke koya mana. A kasuwar IBB za ka tarar da Bahaushe da Bagwari da Banufe da Koro da Bayarabe da Ibo, kuma yawancin cinikinsu da Hausa ake yi. Ni kaina ba da Hausa na buɗe baki ba, a waje na tsince ta kafin in zo in karanta ta a jami'a. Saboda haka na san Hausar kasuwa daban take da ta labaran rediyo. Tsohuwar da ke sayar da doya tana jin "sauro" da "ruwa" da "allura" sarai, amma in ka ce mata "garkuwar jiki" ko "matakan kariya" ko "ƙwayoyin cuta masu yaɗuwa", sai ta gyaɗa kai don kunya, ba ta tafi da komai ba. Saƙon lafiya a gari irin namu yana buƙatar Hausa mai sauƙi, gajerun jimloli, da abu ɗaya da za a aikata. Misali: in yaro yana gudawa, a sami ruwa mai tsabta lita ɗaya, a zuba sukari ƙaramin cokali shida da gishiri rabin ƙaramin cokali, a riƙa ba shi, a kuma kai shi asibiti.

Harshe Kaɗai Zai Isa?

Wani zai ce ai magana ba ta haƙa rijiya, ba ta kuma yashe kwata. Gaskiya ne. Wanda ba shi da famfo ba za a ce masa ya wanke hannu sau goma ba, kuma samar da ruwa da magani haƙƙi ne da ke wuyan hukuma. Sai dai an sha raba gidan sauro kyauta a ga an kewaye lambu da shi. Nan ba kaya ne suka rasa ba, fahimta ce. Tarihin shan inna ya ishe mu misali. A 2003 aka dakatar da rigakafin a Kano saboda jita-jita, ba a dawo da shi ba sai 2004, cutar ta bazu har wasu ƙasashe. Da aka sa sarakuna da malamai cikin aikin, aka kuma ɗauki matan unguwa suna shiga gida-gida suna bayani da harshen masu gida, sai al'amari ya canza. A watan Agustan 2020 aka tabbatar da cewa ainihin ƙwayar cutar ta daina yaɗuwa a Afirka. Bakin mai kawo maganin ne ya canza.

Aikin Da Ke Gabanmu

'Yan'uwana ɗalibai, ga shawarwari uku. Na farko, cikin masu neman batun kundin kammala digiri, a sami waɗanda za su tattara sunayen cututtuka a garuruwansu, su bayyana abin da jama'a ke nufi da kowane suna, su zauna da ɗaliban likitanci a tantance. Na biyu, ƙungiyarmu ta zaɓi ko da rana biyu a shekara, ta shirya gajeren wasan kwaikwayo ko saƙon murya na minti ɗaya da za a tura ta WhatsApp, a kai wa limamai da fastoci da shugabannin tasha da masu unguwanni. Ranar 25 ga Afrilu ta fi dacewa da mu, don tana zuwa ne daidai faɗuwar damina. Na uku, kada mu saki saƙo sai mun gwada shi: a karanta wa wata tsohuwa a gida, a ce ta maimaita abin da ta ji. In ta faɗa daidai, fassara ta yi. In ba haka ba, a koma a sake.

Kammalawa

Ba ina cewa a daina bikin ranakun kiwon lafiya ba ne, a'a, suna tunatar da hukuma alƙawarin da ta ɗauka. Abin da nake cewa shi ne, kada a auna nasararsu da yawan rigunan da aka raba. A auna da yawan gidajen da aka ɗaura gidan sauro a daren ranar, da yawan iyayen da suka kai jarirai allura washegari. Likita ya san cuta, mu kuma an koya mana kalma. Allah Ya ƙara mana lafiya, amin.