A-kori-kura ta ƙi tashi, makanike ya ce "kik ne": ku zo mu yi magana

1/ Jama'a, yau da makanikai nake, kuma da masu mota nake. Wanda abin ya taɓa ya yi haƙuri, amma sai na faɗa. Ɗabi'ar nan ta mota ta ƙi tashi a hau canza kaya tun ba a gano ciwon ba, ita ke cinye jarin masu a-kori-kura daga Mafara har Maradun. 🧵

2/ Ran wata Litinin Hilux ɗin kawuna tana Bakura, an loda mata shinkafa za a kai kasuwar Mafara washegari Talata. Direba ya murɗa makulli, sai "ƙas" guda ɗaya, shiru. Aka kira makanike. Ko bonet bai gama ɗagawa ba ya ce kik ya mutu.

3/ Aka sayo kik aka ɗaura. "Ƙas." Ya ce to batir ne. Aka sayo batir. "Ƙas." Wallahi har ya fara zancen biren bokis, a aika Gusau. Kasuwa ta ci ta watse shinkafa na kan mota.

4/ Ran Laraba wani yaro mai wayarin ya zo da 'yar mitarsa. Tsohon batir da aka cire ya nuna 12.6, wato lafiyarsa ƙalau. Ya bi wayar da ta tashi daga kan batir zuwa jikin injin, ya tarar tsatsa ta cinye inda aka ɗaure ta. Ya kankare, ya ƙara ɗaurewa da sifana. Murɗa ɗaya mota ta tashi.

5/ Abin da ke ba ni haushi, mota tana faɗin ciwonta da bakinta. Ka murɗa makulli ka saurara kawai.

6/ In ka ji "ƙas-ƙas-ƙas" da sauri, fitilun dashbod suna dushewa, wuta ce ba ta isa ba: batir ya yi sanyi ko kansa ya yi datti. In "ƙas" ɗaya ce mai ƙarfi kuma fitila na nan garau, a duba manyan wayoyi tukuna, sannan a zo kan kik. In ko motsi babu, a fara da fiyus da rile da makullin kansa.

7/ In kuwa injin yana juyawa da ƙarfinsa amma ya ƙi kamawa, don Allah a ƙyale batir da kik, sun yi aikinsu. Mai shan fetur, ko mai ba ya zuwa ko fulogi ba ya ba da wuta. Mai shan gas, sau da yawa iska ce ta shiga layi bayan an bar tanki ya ƙafe. Akwai ɗan famfon hannu a saman filtar mai, a danna shi har ya yi tauri.

8/ Kuma tun da aka cire tallafi a Mayun 2023 kowa ya koma zuba mai kaɗan-kaɗan, wani lokacin ma na 'yan bumburutu a galan. Famfon da ke cikin tanki man ne ke sanyaya shi. Kullum kana yawo allura a ja, kada ka yi mamaki ran da ya ƙone.

9/ Batir sabo ya mutu bayan kwana uku? Kada a ce maka "jabu ne" kawai. A tada mota a sa mita. In tana aiki ya kamata ka ga wajen 14. In 12 ta tsaya, alteneta ba ya caji, ko batir goma ka saya haka za su bi juna.

10/ Na san za a ce, "Haba, ai gwani da kunne yake ganewa, da can wa ke da mita?" Na yarda akwai gwanaye, na ga dattijon da ke sauraren Peugeot 504 ya faɗi ciwonta. Amma shi saurare yake yi, ba kintace ba. Kuma motar yanzu cike take da wayoyi da sensa, kunne kaɗai ba ya isa.

11/ Yanzu mu dawo kanmu. Yaron nan da ya gyara, kun san me kawu ya fara cewa? "Ɗan kankarewar nan ce zan biya?" Wanda ya sa shi asarar kik da batir kuwa ya biya shi kuɗin aiki sau biyu ba musu.

12/ To ta yaya makanike ba zai canza kaya ba? Mun koya masa cewa in bai kwance wani abu ba, bai yi aiki ba. Ga ɗan abin da yake samu wajen mai sayar da kaya. Ba ma biyan kuɗin bincike, sai na kwancewa.

13/ A yankinmu kuma wannan ya wuce maganar kuɗi. Manomin Bakolori da ya loda tumatir ba shi da kwana biyu na jira. Direban da motarsa ta mutu a hanya magariba na kawo jiki, kowa ya san abin da yake tsoro. Waɗanda suka ga Satumbar 2021, lokacin da aka katse layukan waya a Zamfara, sun san me ake nufi da mota ta mutu ba wanda za ka kira.

14/ Kafin ka miƙa kuɗin kaya, tambayi makanike: "Maigida, me ka gwada ka gane shi ne?" In ya nuna maka, biya shi kuɗin ganowar ba ciniki. Abin da aka cire kuma ka karɓi kayanka.

15/ Mu mun karɓi namu. Tsohon kik ɗin nan an gwada shi daga baya, yana juyawa lafiya lau. Yana nan ƙarƙashin gadon kawu cikin buhu.